Zangarniya a Tulun Sumire

Takalmi a ƙofa. Wannan ba sai an koya mini ba,
haka muke yi a Kazaure tun ban yi wayo ba.
Abin da aka koya mini shi ne in juya bakinsa waje,
wai don ya san hanyar komawa.

Shekara uku ke nan ina girki a Ikoyi,
gidan Tetsuro, mai gyaran injina a tashar Apapa,
da matarsa Sumire, wadda ba ta ɗaga murya
ko janareto ya mutu tana tsakiyar guga.
Shinkafa a wanke ta sau uku, a bar ta ta huta,
ba mai, ba gishiri, ba albasa.
Ranar farko na ce a raina, wannan ai cimar majinyata ce.
Yanzu in ta nuna daidai, hancina ke fara sani.

A falo akwai wani lungu da ba a zama,
ba a ajiye makulli, ba a jingina tsintsiya.
Tulu guda siriri, da rubutu a rataye.
Nan take ajiye lokaci.

Ikko ba ta san komai ba sai ruwa da gumi,
amma ita huɗu take lissafawa.
A Fabrairu mai gida ya sa fuskar dodo ta kwali,
'yarsu Nagisa na jifansa da soyayyen wake,
sharri ya fita, alheri ya shigo,
ni kuma ina biye da tsintsiya.
Akwai wani fure a garinsu, mako guda yake ya zube;
ta kan kalle shi a waya, ta yi shiru,
ta fita ta yanko na jikin katanga, ta ce shi ma ya yi.
In zafi ya matsa sai ta rataya ƙararrawar gilashi a taga.
Wai ƙararta sanyi ce.
Na yi dariya. Daga baya na kama kaina ina jiran iska.

Sai ga Satumba.
Ta mulmula garin shinkafa, fari fat, kamar ƙananan fura,
goma sha biyar, ta jera su don kallon wata.
Tulu babu komai. Ciyawar da take so
ba ta fitowa a nan.
Ta juyo ta ce, Tanimu, a garinku yanzu wane lokaci ne?

Na buɗe baki, na rasa.
Ni da ban san wata ba sai ƙarshensa, ranar albashi.
Na ƙirga da yatsu kamar yaro:
bazara ta wuce, an yi shuka, marka ta sauka,
yanzu gero ya sunkuyar da kai,
yara na korar jan baki da gwangwani,
Inna na gasa tumu a bakin murhu
tana murza shi a tafin hannu, tana hurawa.
Na ce, uwar ɗaki, kaka ce ke sallama.
Mu ma muna da su. Namu sun ma fi naki yawa.
Ta ce in faɗa a hankali, ta rubuta.

Kashegari na sauka Agege.
Sallau direban shanu yana da zangarniya uku a gaban mota,
tsarabar hanya daga Ɗambatta.
Ya ba ni biyu, ya ce, me za ka yi da su a Ikoyi?

Ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna,
ba ni ta rusuna wa ba, gero.
Ta tsayar da ɗaya, ta karkata ɗaya,
ta ja baya, ta dawo, ta ƙara karkata ta.

Daren nan hadari ya rufe lagun.
Muka zauna mu huɗu a baranda muna jiran wata,
bai zo ba. Aka ɗauke wuta.
Nagisa ta cinye uku a duhu.

Da safe na tarar da tsaba bakwai ko takwas
sun zube a gindin tulu.
Na tsaya da tsintsiya a hannu.
Na share ko'ina, na bar wurin.