Tambaya Ta Huɗu

Asabar ce a Valparaíso, ruwa na tsiyaya
daga kwanon ɗakin taron unguwa, can ƙolin tudu.
Mun jera tebura bakwai, mun ja wayoyi,
Maite ta dafa shayi ta yanka burodi,
muka manna takarda a ƙofa:
kawo tsohuwar kwamfutarka mu sa mata sabon rai, kyauta.

Herminia Cárcamo ta hau matakala ɗari da sittin
da tata naɗe a tawul kamar jinjiri.
Shekara talatin tana ɗinkin labule a bayan tashar jiragen ruwa.
Ta ce, "Ta mijina ce, ta daina jin magana.
Da hannuna zan yi, kai dai zauna kusa."

Na soka filashi, allo ya waye.
Harshe? Ta zaɓa.
Agogo? Ta lalubo garinmu a taswira, ta yi dariya:
"Dubi yadda aka matse mu a bakin teku."
Madannai? Ta wuce abinta.

Sai tambaya ta huɗu.
Jajayen baƙaƙe, kalmomi kamar ƙayar kifi:
rabon faifai, tushe, musaya, maɗauri,
a ƙasa kuma: za a shafe komai.

Ta janye hannu daga linzami
kamar ta dafa dutsen guga.
"Komai? Ai Nibaldo yana ciki.
Shi da kwalekwalensa, da bikin 'yarmu,
da muryarsa yana faɗa da rediyo."

Ban gaya mata ni na rubuta jimlar ba.
Shekara shida ke nan, ƙarfe biyun dare,
ina hamma, ina sauri,
ina rubuta wa irina,
waɗanda in faifai ya wargaje sai su ce madalla, aiki ya samu.
Mun ɓalle kwado daga ƙofa,
mun yi ta shela cewa gidan na kowa ne,
sannan muka bar rami a bakin zaure
ba ko fitila.

Muka koma baya.
Hoto dubu uku da ɗari biyu da tara
muka kwashe zuwa wani faifan, tana ƙirgawa da leɓe.
Ta buɗe na farko, ta buɗe na ƙarshe,
ta saurari faɗan rediyon har ya ƙare,
sannan ta danna.
Koren layi ya kama rarrafe.
Kafin ya kai gaci ta zaro allura daga jaka
ta kama mini bakin hannun riga da ya warware,
ba ta ko tambaye ni ba.

Daren nan na sake jimlar:
Dakata. Akwai abin da kake ƙauna a nan ciki?
Mu fara ajiye shi, ba sauri muke ba.
Na aika wa abokan aiki.
Tormod, daga Tromsø, ya ce ta yi tsawo,
masana za su ƙosa.
Na ce masani layi biyu ba sa karya masa ƙafa,
baƙo kuwa kalma ɗaya kan mai da shi gida.
Yau kwana goma sha ɗaya muna ja.

Wata Asabar sai ga ta kuma,
da maƙwabcinta Eleuterio, mai gyaran takalma, yana haki.
Ta zauna a kujerata.
Da suka iso ta huɗu ta dafa kafaɗarsa:
"Nan ne ake fitar da kaya tsakar gida
kafin a yi wa ɗaki fenti."

Na nemi biro ban samu ba.
Da allin telanta na rubuta
a bayan takardar burodi.