Gwangwanin Tumatir

Abin da Inna ta bari bai kai a kira mai rabon gado ba:
tabarma biyu, zane huɗu, turmi mai tsaga,
sai gwangwanin tumatir a kan tagar ɗaki,
bakinsa rufe da tsumma, ɗaure da zaren buhu.
A ciki man shafawar nan nata, mai warin hayaƙi,
saura lakuta uku.

Gwiwar Baba ba ta ji labarin rasuwa ba.
Shekara talatin yana ɗora buhunan albasa
a motocin da ke barin Tawa su gangara Abijan,
yau duk nauyin ya taru a ƙafa guda.
Da la'asar ta kumbura kamar curin fura,
da asuba ya yi salla a zaune,
yana jin kunyar yaran sahun baya.

Lakuta ta fari na shafa masa ran sadakar bakwai.
Ta biyu, daren da hadari ya taso bai zuba ba.
Ta uku na hana kowa taɓawa.

Na san rabin haɗin, don ni ke daka:
man kaɗe, citta, kanumfari ƙwaya bakwai,
bagaruwa busasshiya, jar kanwa kan farce.
A gasa ganyen tumfafiya a bakin murhu
har ya yi laushi kamar kunnen akuya,
a ɗora da ɗuminsa, a naɗe da tsohon kallabi.
"Kiyayi nononta," in ji Inna, "ba ya shiri da ido."
Amma akwai wani ƙulli a haɓar zanenta
da take kwancewa in na juya ɗauko wuta.
Shi ne ban sani ba.

Ran Lahadi na ɗauki gwangwanin na shiga kasuwa.
Arzika mai saiwoyi ya shinshina, ya ce hano ne.
Matar da ke gefensa ta ce ƙarya, saiwar zogale.
Wani dattijo da ba a tambaya ba
ya rantse da rawaninsa man aduwa ne.
Na biya dala ɗari, na dawo da ƙunshi uku
da kai mai ciwo.
Majo na asibitin unguwa ya rubuta ƙwayoyi,
ya ce shafe ba ya hana sha,
amma tsoho ya daina tsugunno.

Na haɗa, na kaɗa, na tace.
Launi ya yi, wari ya yi.
Na murza masa shiru, a hankali,
kamar mai goge ƙwai.
Ya ce, "Allah shi yi albarka," yana kallon bango.

A dare na huɗu na tambaye shi ƙullin.
Malam Nomau, wanda bai yi dariya ba tun da aka kai ta,
ya tuntsire har tari ya sarƙe shi.
"Garin taba ne, ɗiyata!
Bakinta take zuba ma, ba tukunya ba.
Tsahara ke nan, tana ɓoyon ki."

Na zauna riƙe da ƙafarsa.
Can na hango tulu cike a gindin bedi,
ni kuwa ban ɗebo ruwa ba yau.

"Wa ya aike ka famfo?" Ban san sanda ta fito ba.
"Gwiwa kamar kabewa, kana ɗaukar tulu!
Kai ba ka jin magana, tun da can haka kake!"
Babban yatsana ya nutse inda nata ke nutsewa,
ba tausayi, ina faɗa ina murza.

Ya lumshe ido.
"Yauwa," ya ce. "Nan ne. Ƙara."

Lakuta ta uku tana nan a kan taga,
ta fara bushewa daga gefe.