Mil Goma Kafin Manchester

Tun hantsi nake taka feda,
tanti a ɗaure bayan sirdi,
tukunya na ƙwanƙwasa kariya kamar mai bin bashi.

Filin farko, fam talatin da takwas.
Na ce da matar da ke taga:
ni kaɗai ne, sai keke.
Ta ce kuɗin fili ne, ba na mutum ba.
Na dubi motocin nan masu gado da banɗaki,
kowace ta fi shagon babana na Funtuwa faɗi.

Na biyu an rufe tun Satumba.
Na uku a taswira kawai ya rage,
a ƙasa sababbin gidaje ne.

Birni, ashe murhu ne kai:
a matso a ji ɗumi, aljihu ya babbake.

Magariba ta riske ni a Marple,
cikin yayyafin da ba ya sallama.
Wani dattijo, Alwyn Pickford, na kora tumaki.
Ya dubi tayata, ya dube ni.
Fam shida, in ji shi, famfo na bayan rumbu,
kar ka bar min ƙyaure a buɗe.

Turke huɗu suka shiga, na biyar ya lanƙwashe.
Na yi salla kan rigar ruwa.
Can gangare Manchester na ci bal-bal,
ɗaki dubu, kowanne da farashinsa.
Nan kuwa taliya ta dahu,
wata tunkiya na tari daidai kaina,
safata kuma ba za ta bushe kafin gobe ba.