Shigo Ka Ƙirga

A Shuwarin nake, bayan kasuwar hatsi,
ɗaki biyu da rumfa na kama haya.

Ni ne Barau mai faci na bakin titi.
Shekara shida ban bar wata ya mutu
da kuɗin Alhaji Tsalha a wuyana ba, ko sau ɗaya.

Bana marka ta zauna kwana tara.
Azarar tsakiya, da gara ta cinye wa ciki,
ta sunkuyo kamar tsohuwa mai ciwon baya.

Kwanonin Tabawa sun bar aikin tuwo,
sun koma tarar ruwa: wannan a kan gado,
wancan a gindin buhun gero, babban a tsakiya.

Tsagar bangon gabas da fari zare ce.
Yanzu ɗana Ilu na zura hannu ciki
ya karɓo gyaɗa wurin ɗan maƙwabciya.

Masai kuwa bakinsa ya zaizaye,
mun ɗora tsohon ƙyaure a kai.
Mai shiga, in ya gama addu'ar shiga,
sai ya haɗa da addu'ar tafiya.

Sau uku ina zuwa gidan Alhaji.
Na farko ya ce sai bayan salla,
na biyu ya ce magini ya tafi Gumel,
na uku yaronsa ya ce yana barci,
ga takalma a zaure, ina jiyo dariya.

Daren Laraba rufi ya ɓallo,
ya sauka daidai inda Kyauta ke sa kai.
Fitsari ne ya tashe ta, Allah ya yi da sauran kwana.
Da safe muka tono matashinta da fartanya.

Ban yi zagi ba.
Na ƙirga kuɗin wata, dubu biyar cif,
na kai wa Liman Hudu ya riƙe,
mai unguwa ya dangwala hannu a takarda:
na Alhaji ne, ranar da aka sauya azara,
aka toshe bango, aka gyara masai, ranar zan biya.

Ba cinyewa na yi ba, ga su can a ajiye.
Abin da nake haya inuwa ce da barci.
Wa ke biyan kuɗin kabari yana raye a duniya?

Ranar kasuwa sai ga shi da mota,
tun daga lungu yake cewa mu kwashe kaya.

Mata suka leƙo ta kan danga, yara suka taru,
masu awo suka bar mudu a cikin dawa,
Liman ya iso da ƙunshin a aljihu.
Na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin azarar nan,
na kaɗe ta da tsintsiya.

Na ce, Alhaji, bismilla, ɗakinka ne,
shigo ka zauna ka ƙirga abinka.
In ka ƙirga har ƙarshe a nan, ka tafi da su,
ni kuma in ba ka haƙuri gaban jama'a, in ɗau kunya.

Ya sa ƙafar dama a dokin ƙofa.
Ya ɗaga kai.
Ƙasa ta ɗan zubo masa a kan hula.
Ya tsaya, ya ja da baya,
ya ce a miƙo masa nan waje, ai duk ɗaya.

Liman ya dube shi, ya dubi rufin,
ya mai da ƙunshin aljihu, ya kama hanya.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan.
Jiya amalanke ta sauke azara biyu a ƙofa,
magini dai ba mu ga idonsa ba.
Muna kwana a rumfa, sauro na cin rabonsa,
Kyauta ta ƙi sa kai a matashi,
a cinyar uwarta take barci.
Wata ya kusa kamawa. Na fara tara na gaba,
gidan Liman za su, su tarar da 'yan'uwansu
su zauna tare lafiya.