Jirgin da Ke Tsoron Ruwa

Wata tara ke nan Tanimu tela
yana gina jirgin yaƙi a kan teburin ɗinki,
a Idi-Araba, bayan masallaci.
Tsawonsa kamu ɗaya da ɗani.

Wani tsohon sojan ruwa ya bar masa zanen
a madadin kuɗin riguna biyu.
Katakon, akwatin tumatir ne daga Mil Sha Biyu,
ya fere shi da reza har ya koma tsinken sakace.
Filafilan, ƙyallen akoko ne
da ya tsoma a shayi don su tsufa da wuri.

Igwa saba'in da huɗu, kowace da 'yar tagarta.
Ɗaya ta faɗa gwangwanin maɓallai,
kwana uku ana nema.
In an ɗauke wuta, sai ya ciji tocila
ya ci gaba da ƙulla igiyoyi da bakin allura.

Jikarsa Ladiyo ta leƙa ciki ta ce,
"Kaka, wa suke harbi?"
Ya daɗe yana kallon bakin igwa.
Ya ce, "Miƙo min almakashi."

Daren Talata sama ta ɓalle,
kwata ta cika, ta shigo ɗaki ba sallama.
Tabarma ta tashi, takalma suka bi ta.
Keken ɗinki ya sha ruwa har gindi.

Shi kuwa yana tsaye bisa gado,
wando naɗe, jirgi a ka,
har aka kira asalatu.