Abin da Gishiri Ya Rage

A Colchani, gishiri bai tsaya a miya ba.
Yana cin ƙofa, yana cin ƙusa,
ya ci ƙasan motar da kawu Tiburcio ya bar mini
har ina hango ƙasa ta tsakanin ƙafafuna.

Tsohuwar Toyota ce, ta girmi aurena.
Shekara shida tana gurfane a bayan ɗaki
kan tubalan gishiri huɗu,
kaji na saka ƙwai a kujerar direba.

Benigna ta buɗe gwangwanin biskit,
ta ƙirga, ta tofa yawu a yatsa ta sake ƙirgawa.
"In sun ƙare, sun ƙare.
Kuɗin makarantar Zenobia ba na ƙarfe ba ne."
Na ce to. Da hanau gara mannau.

Na bi motar dare zuwa Oruro,
na dawo da kafireto naɗe a bargo
kamar an ba ni ajiyar jinjirin wani.
Mai shago ya rantse sabo ne fil.
Da na kwance shi, gizo-gizo na tarar a ciki,
ya mutu tun ban san hanyar kasuwar ba.

Ramin ƙasan, da allon hanya na toshe shi,
wanda iska ta kayar bara.
Har gobe in ka ɗaga shimfiɗar
za ka karanta rabin sunan wani gari.

Sifirin baya na wata babbar mota ne
da ta mutu a hanyar Uyuni.
Na ƙara ganye biyu, ta ɗaga gindi
kamar rago mai shirin karo.
Tsohon tif na yanka, na yi mata zane ta ƙasa
don ruwan gishiri ya bar wayoyi su huta.
Giris kaɗai ne ban yi wa rowa ba.

Sanyin Yuni, sifana na kama fatar hannu.
Iskar nan sama ba ta da nama,
inji ma haki yake kamar baƙo,
sai ka rage masa mai, ka bi shi da lallashi.

Sai wani noti, can bayan lagireto,
inda ido ba ya kaiwa.
Dare uku ina kwance a ƙarƙashi ina zaginsa,
na zagi wanda ya ƙera shi, na haɗa da kawu.
Zenobia ta kawo shayi, shekararta sha biyu.
Ta ajiye kofi, ta zura hannu ta inda nawa ya ƙi shiga,
ta yi shiru, tana lalube.
"Baba, ba ƙin fita ya yi ba.
Ta baya yake. Ɗaure shi kake yi."

Ban ce uffan ba.
Na miƙa mata sifanar.

Ranar tashi, batirin aro muka sa,
na maƙwabcinmu Nicanor, da sharaɗin buhu biyu.
Ta yi tari. Ta yi shiru. Ta sake tari,
sai ta kece da ruri,
hayaƙi ya turnuƙe shanyar Benigna,
kaji suka watse suna tsine mana.
Benigna ta girgiza gwangwani a bakin ƙofa:
saura tsaba biyu suna kuka a ciki.

Muka hau farin fili, ba gaba ba iyaka,
ƙofata ɗaure da igiyar gashin lama,
sama da ƙasa sun haɗe baki.
Na sa giya ta uku, na fara jin kaina.

Sai ta mutu.
Ba tari, ba sallama.
Shirun da ya sauko, har bugun jinina nake ji.

Kafin in kwance igiyar
na ji ƙarar ɗaya ƙofar.
Bonet ya ɗaga, ya rufe mini farin duka.
Daga bayansa muryar yarinya,
da ƙarfe yana taɓa ƙarfe:
"Kar ka taɓa komai.
In na ce murɗa, ka murɗa."