Tulun da Ya Fashe Ya Fi Suna

A Coyotepec, inda muke gasa yumɓu ya fito baƙi wuluk,
ni Eufrosina, shekara hamsin hannuna cikin laka.
'Ya'yana biyu mata, kowacce da waya a tafinta,
kowacce da kasuwar da ba a taɓa share ta da tsintsiya ba.

Nayeli ta hoto ce.
Takan jira hantsi ya jingina da katanga,
ta ɗora tulu a kan tsohuwar kujerar ubansu,
ta yi tsit kamar mai haƙon tsuntsu,
ta danna sau ɗaya.
A dandalinta, in ji ta, ana tafiya sannu,
a tsaya, a dubi wuyan tulu, a dubi bakinsa.

Itandehui ta bidiyo ce, ba ta san zama ba.
Ta ce, Mama, hoto ai gawa ne, ba ya numfashi.
Nata dandalin kogi ne a tsakiyar damina,
daƙiƙa goma sha biyar,
in ba ka cafki ido ba, ruwa ya tafi da kai.

Da dare, tsakanin kwanon wake da wainar masara,
sai a hau lissafi.
Arba'in da uku, in ji Nayeli, murya ƙasa-ƙasa.
Dubu biyu, in ji ƙanwarta, baki cike da barkono.
Ni kuwa tukwanen da suka fita ƙofa nake ƙirgawa:
shekaranjiya uku, jiya ko ɗaya.

Ran Talata kare ya biyo kyanwa ta tsakanin ƙafafuna.
Tulun da na kwana tara ina gogewa da farin dutse,
har ina hango furfurata a jikinsa,
ya tashi sama, ya sauko gutsu-gutsu.
Na zagi karen, na haɗa da kakansa,
ashe wayar Itandehui na kallo.

Kafin Alhamis, dubu ɗari bakwai sun ga faɗuwarsa.
An sa wa ihuna kiɗa.
Wani a Koriya ya ƙyalƙyale, wata a Turkiyya ta maimaita,
yaran unguwa na kwaikwayon muryata a ƙofar coci.
Ba wanda ya tambayi nawa ne tulu.
An ce mutane ne kasuwa,
to, 'yan kallo fa, a wace rumfa suke biya?

Nayeli ba ta ce uffan ba.
Hoton tulun nan, tun yana da rai, na nan a wajenta,
arba'in da uku, sai ya zama da huɗu.

Ta huɗun ta rubuto daga Los Angeles.
Sunanta Herlinda, tana wanke benen asibiti da dare.
Ta ce, tsuntsaye ukun nan da ke wuyansa,
zanen Hilario ne, ko ba haka ba?
Ya yi wa uwata irinsa shekarar da muka bar gida,
ya fashe mana a mota kafin mu kai iyaka.
Ku ajiye mini wannan, ko nawa ne.

Hilario mijina ne. Shekara shida ke nan da binne shi.
Na zauna a kan kujerarsa,
kaskon tulun na kwando a bayan ƙofa,
tsuntsu ɗaya da rabi ne suka tsira.

Na ce a faɗa mata ta ba ni kwana tara.

Yau da asuba na jiƙa yumɓu.
Nayeli na can tana jiran hantsi,
Itandehui ta riga ta kafa wayarta a kan bokiti.
Na ce, wani ya ɗaure mini karen nan.
Itandehui ta ce, haba Mama,
ai shi duniya ta sani.